Ciyawar teku ta gona ko ta daji: wacce ta fi ɗauke da abin da jiki ke so?

Wanda ya fara sayen ciyawar teku, busasshen ganye ne ko gari ko kafso, ba zai daɗe ba zai ga tallace-tallace iri biyu a jikin kwali. Wani kamfani ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa tasa daga kan duwatsun gaɓar teku aka yanko ta, babu hannun ɗan Adam a tsirowarta, ya kuma ɗora mata kuɗi a kan haka. Wani kuma gonarsa yake nunawa, da tsabtar ruwanta da takardar gwaji. Zuciya takan karkata ga wadda ta tsiro da kanta, domin an saba ɗauka cewa tsiron Allah ya fi shukar mutum ƙarfi. Akwai inda wannan zato ya yi daidai, akwai kuma inda ya sha ƙasa, kuma sau da yawa ma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Don taƙaita magana zan riƙa cewa "ta gona" da "ta daji". Kalmar daji ba ta kauce ba, domin a tekuna masu sanyi dogayen ciyayin da ake kira kelf suna yin kurmi sosai a ƙarƙashin ruwa, kifaye na kai da kawo a cikinsa.

Kafin a kai ga zaɓi

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2019 sun nuna an samar da kusan tan miliyan 36 na ciyawar teku, kuma kimanin kashi 97 cikin ɗari daga gonaki ne. Sin da Indonesiya da Koriya ta Kudu da Filifin ne ke kan gaba. Ɗan abin da ya rage shi ne na daji, kuma Chile da Norway na cikin manyan masu yankansa.

Ma'anar wannan ita ce ba a kowane iri mutum yake da zaɓi ba. Nori, baƙin ganyen nan mai kama da takarda, kusan dukkansa na gona ne tun bayan da wata masaniya 'yar Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano a 1949 cewa wani mataki na rayuwar tsiron a cikin ɓawon kifin kwasfa yake ɓuya, binciken da ya ba manoman Japan damar samar da iri. Wakame da kombu, ire-iren kelf biyu da ake ci, su ma yawancinsu daga igiyoyin gona suke zuwa. A ɗaya gefen, Ascophyllum nodosum, ciyawa mai ƙullutu da ke rufe duwatsun gaɓar Ireland da Norway da Kanada, ba a nomanta don kasuwa, yankowa kawai ake yi. Saboda haka idan wani ya gwada garin Ascophyllum na daji da nori na gona ya ce na daji ya fi, ya gwada iri biyu ne daban, ba hanyar samarwa biyu ba. Kuskuren da ya fi yawa a wannan fage ke nan.

Sinadaran da ake magana a kansu

Ciyawar teku kashi uku ce bisa launi, kuma kowace da kayanta. Mai ruwan ƙasa ita ce ta fi tara abubuwan da ake yi wa talla: fukoidan, wani yauƙi da ke kare tsiron daga bushewa, laminarin, abincin da take adanawa don watannin duhu, aljinet, wanda ke ba ta danƙo, folorotanin, dangin sinadaran da ke kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa, fukozantin, mai ba ta launinta, sai aidin mai yawan gaske. A tokar irin wannan ciyawa Bernard Courtois ya gano aidin ɗin kansa a Faransa a 1811. Ja, wato dangin nori da dals, ta fi furotin, a nori yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na busasshen nauyi, kuma ɗan man da ke cikinta yana da omega-3 irin na kifi. Kore, kamar Ulva, tana da faiba da ma'adinai da furotin gwargwado.

Ƙarfin hujja a kan waɗannan bai zo ɗaya ba. Aidin da faiba da furotin amfaninsu a fili yake. Aljinet ya daɗe da shiga magungunan ƙwannafi da audugar ɗaure rauni. Amma fukoidan da fukozantin da folorotanin, mafi yawan labaran da ake bayarwa a kansu daga ɗakin gwaji da ɓeraye suka fito, gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma ƙanana. Duk kwalbar da ta yi maka alkawarin warkar da ciwon daji ko narkar da teɓa, mayar da ita inda ka ɗauko ta, ta gona ce ko ta daji.

Ma'aunan da za a bi

Biyar ne: yawan sinadarai masu amfani, daidaito, wato ko ƙunshin yau zai yi daidai da na wata mai zuwa, haɗari, jure ajiya, sai farashi da sauƙin samu.

Ta daji

Ƙarfinta daga wahala yake zuwa. Ciyawar da ke tsakanin iyakar cikowar teku da janyewarsa, sau biyu a rana ruwa ke guduwa ya bar ta a kan dutse, rana ta gasa ta, iska ta busar da ita, igiyar ruwa ta dawo ta maka ta da ƙasa, ƙananan dodon koɗi kuma na gaigayarta. Ba ta da ƙafar gudu, sai ta kare kanta da sinadarai. An nuna a gwaji cewa Ascophyllum na ƙara yawan folorotanin idan dodon koɗi ya fara cinta. A ita da 'yan'uwanta na dangin Fucus, wannan sinadari kan wuce kashi 10 cikin ɗari na busasshen nauyi a wasu samfura, alhali a kelf ɗin da ake nomawa bai kai kusa da haka ba. Jajayen ciyayin da ke shan rana su ma suna tara wasu sinadarai masu tare zafin hasken rana, waɗanda masu haɗa man shafawa ke nema. A nan masu tallan ta daji suna da gaskiya.

Shekaru ma na taimaka mata. Tsiron daji yakan yi shekaru da dama a wurinsa, kuma mai yanka zai iya jira har watannin Agusta zuwa Oktoba a arewacin duniya, lokacin da kelf ya cika rumbunsa. Laminarin da kusan babu shi a Maris yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen nauyi, ko fiye, a waɗannan watanni.

Sai dai abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ya hana ta daidaito. Tsiro biyu na iri ɗaya, ɗaya a lungu mai kwanciyar ruwa, ɗaya a inda igiyar ruwa ke duka, sakamakon gwajinsu zai bambanta. Na saman dutse da na ƙasansa haka, na watan Afrilu da na Satumba haka, kai har saiwa da kan ganye na tsiro guda. Idan kamfani bai gwada kowane rukuni ba, alƙaluman da ke jikin kwalinsa kintace ne.

Haɗarinta kashi biyu ne. Na farko, ciyawar teku soso ce, duk abin da ke cikin ruwa tana tsotsa: dalma, kadmiyam, zaiba, arsanik. Tsiron da ya shekara da shekaru kusa da bakin kogi mai ɗauke da dattin masana'antu ko na gari ya fi samun lokacin tarawa. Na biyu, kuskuren gane iri da gubar da ke zuwa ba zato. A 1991 a tsibirin Guam mutane 13 suka kamu da guba bayan cin wata jar ciyawa ta dangin Gracilaria da aka saba ci, uku suka rasu. Akwai kuma Desmarestia, wadda ke ɗauke da asid mai ƙarfi a jikinta, har takan lalata sauran ciyawar da aka zuba ta tare da su. Tarin Sargassum ɗin da teku ke amayowa a gaɓar Karebiyan da Afirka ta Yamma tun 2011 kuwa ba abin ci ba ne ko kaɗan: yana da arsanik, kuma idan ya fara ruɓewa yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cutar da numfashi. Wanda aka tsinta a yashe a kan rairayi ba shi ake nufi da ta daji ba.

Farashinta ya rabu biyu. Wadda ake yanka da hannu don ci tana da tsada, domin aikin na bin janyewar ruwa ne, ga lasisi, ga jiran shekara uku zuwa biyar kafin wurin da aka yanka ya farfaɗo. Wadda ake kwasa da jirage, kamar Laminaria hyperborea a Norway inda ake juya filayen yanka duk bayan 'yan shekaru, tana da araha, amma masana'antar aljinet take tafiya, ba faranti ba.

Ta gona

Gonar ciyawar teku ba ta yi kama da gonar tudu ba, kuma wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. A mafi yawan gonakin da ke cikin teku ba a ban ruwa, ba a zuba taki. Ana ɗora iri a kan zare, a naɗe shi a igiya ko raga, a shimfiɗa a cikin teku, tsiron ya sha ruwan da 'yar'uwarsa ta daji ke sha. Masanin Sin Zeng Chengkui da abokan aikinsa ne suka kafa wannan hanya ta igiyoyi masu iyo don noman kombu a shekarun 1950. A ruwa mai ɗumi kamar na Indonesiya da Filifin da Zanzibar (a Zanzibar an fara noman a 1989, kuma mata suka fi yawa a cikinsa), ana ɗaura reshen Kappaphycus ko Eucheuma a igiya, a girbe bayan kwana 45 ko makamancin haka, a sayar wa masu fitar da karajinan, sinadarin da ake sa wa abinci don ya yi kauri.

Bambancinta da ta daji ya fi fitowa daga shekaru da lokacin girbi. Kelf ɗin gona a Turai da Arewacin Amurka ana sa shi a ruwa wajen Oktoba ko Nuwamba, a cire tsakanin Afrilu da Yuni. Manomi ba ya iya jinkirtawa, don da ruwa ya fara ɗumi wasu ƙananan halittu za su mamaye ganyen su yi masa ɓawo fari, ya daina sayuwa. Ganyen da aka girbe ɗan wata shida ne ko bakwai, mai laushi, mai tsabta, da furotin da ma'adinai a lokacin da suka fi yawa, amma bai kai ga tara laminarin ba, kuma da yake kullum yana nutse a ruwa, bai sha wahalar da za ta sa shi haɗa sinadaran kariya da yawa ba.

To amma manomi na da linzami a hannu, abin da mai yankan daji ba shi da shi. Zai iya zaɓen iri, ya zaɓi zurfi, ya zaɓi ranar girbi. Fukozantin yakan ƙaru inda haske ya yi ƙaranci, don haka zurfin igiya na da tasiri. Ulva da ake renonta a tankuna da ruwan da ya fito daga gonar kifi ko ta kifin kwasfa, kamar yadda ake yi a Afirka ta Kudu da Fotugal, tana samun naitirojin da yawa, furotin ɗinta ya zarce na ta daji. Manoman nori kuwa sun koyi kwaikwayon wahalar da kanta: suna ɗaga ragar daga ruwa na wasu sa'o'i ta sha iska, abin da ke kashe ciyayin da ba a so, ya bar nori. Shi kansa fukoidan da ake sayarwa a kwalabe, manyan tushensa biyu na gona ne: mozuku, wata siririyar ciyawa da ake nomawa a Okinawa ta Japan, da mekabu, wato gindin wakame mai lanƙwasa inda iri ke fitowa. Wanda ya ce fukoidan sai ta daji, bai bi sawun kwalbar da ke hannunsa ba.

Daidaito shi ne babban abin da take taƙama da shi. Iri ɗaya, shekaru ɗaya, wuri ɗaya, mako ɗaya na girbi. Ana iya bin sawun ƙunshi har zuwa igiyar da ya fito.

Wannan bai sa ta zama wankakkiya ba. Gonar da aka kafa a gurɓataccen ruwa gurɓatacciyar ciyawa za ta bayar. A 2016 an danganta ɓarkewar cutar salmonela a Hawaii da ɗanyar ciyawa daga wata gona, a 2017 kuma yankakken nori ya harbi yara 'yan makaranta fiye da dubu a Japan da ƙwayar norobairos, wadda ta shiga a wajen sarrafawa. Gonaki na kuma fama da cututtukan tsiro, kamar wanda ke sa reshen Kappaphycus ya yi fari ya karye idan ruwa ya yi zafi, abin da ke rage ingancin girbi.

A farashi, ta gonakin Asiya ita ce mafi araha kuma mafi sauƙin samu a duniya. Ta sababbin gonakin Turai da Amurka har yanzu da tsada, domin ƙanana ne.

Aidin da arsanik: inda gona da daji suka yi kunnen doki

Babba yana buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Iyakar da hukumomin Turai suka sa ita ce 600, ta Amurka 1,100. Giram ɗaya na busasshen kombu yakan ƙunshi fiye da 1,000, sau da yawa ninkin haka. Wakame na ƙasa da shi sosai, nori kuma 'yan gomomi ne a giram. Duba tazarar: daga gomomi zuwa dubbai, kuma iri ne ya kawo ta, ba wurin tsirowa ba. Kelf ɗin gona, duk da ƙuruciyarsa, yakan wuce iyakar miligiram 2,000 a kilo da Faransa ta shata wa busasshiyar ciyawar ci. Ƙarancin aidin na kawo maƙoƙo, yawansa ma na rikita wannan gaɓa ta wuya. A 2009 an janye wata madarar waken soya daga kasuwannin Ostareliya saboda kombun da aka sa mata ya jawo wa mutane wannan matsala. Sauƙin abin shi ne aidin na bin ruwa: tafasa kelf na 'yan mintuna a zubar da ruwan na cire mafi yawansa, ko da yake wasu ma'adinai da ɗanɗano na tafiya tare da shi.

Arsanik ma haka. A yawancin ciyayin teku yana cikin siffa mai sauƙin illa, amma hijiki, wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake ci a Japan, na tara mai gubar, kuma a 2004 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su daina cinsa. Shawarar ba ta ware na gona daga na daji ba.

Ajiya

A nan ba ruwan tsiro da asalinsa. Ɗanyar ciyawa 'yan kwanaki take yi ko a firiji. Busasshiya takan shekara ko fiye idan an rufe ta daga danshi da haske. Shanya a rana na cinye fukozantin da folorotanin, busarwa da zafi mai yawa ma haka, busarwa da sanyi ita ta fi tsare su amma ta fi tsada. Ciyawar daji mai ƙarfi da aka baza kwanaki a rana za ta iya zuwa hannunka da ƙarancin waɗannan sinadarai fiye da ta gona da aka busar a inuwa ranar da aka cire ta. Gona na da ɗan rinjaye, don girbinta a tsare yake, injin busarwa na jira.

| Ma'auni | Ta daji | Ta gona |
|---|---|---|
| Folorotanin | Ya fi yawa, musamman Ascophyllum da Fucus | Yawanci kaɗan |
| Laminarin | Da yawa idan an yanka a ƙarshen kakar girma | Kaɗan, saboda girbin wuri |
| Fukoidan | Akwai a Fucus da Ascophyllum | Akwai a mozuku da mekabu |
| Furotin | Yana hawa da sauka | Ya fi tabbas, ana iya ƙara shi |
| Aidin | Ya danganta da iri | Ya danganta da iri |
| Daidaito | Rauni | Ƙarfi |
| Ƙarafa masu guba | Ya danganta da gaɓa da shekarun tsiro | Ya danganta da ruwan gonar |
| Ajiya | Yadda aka busar | Yadda aka busar |
| Farashi | Ta hannu da tsada | Ta Asiya da araha |
| Sauƙin samu | Kaka-kaka | Duk shekara |

Wa ya dace da wacce

Mai son ƙara ciyawar teku a abincinsa na yau da kullum, nori ko wakame na gona sun ishe shi. Suna da araha, aidin ɗinsu bai kai na tsoro ba idan an ci daidai, kuma babu wani abin a zo a gani da zai rasa don bai sayi ta daji ba. Ni a nan zan ajiye kuɗina.

Wanda ba ya cin nama da kifi, yana neman furotin da ɗan omega-3, ya nufi ja: nori ko dals. Ya sani dai man da ke cikinsu kaɗan ne, kuma ko da yake nori na da bitamin B12, bai kamata ya dogara da shi kaɗai ba.

Mai neman folorotanin takamaimai, ko mai haɗa kayan shafawa da ƙarin abinci daga gare shi, ta daji ce tasa, Ascophyllum ko Fucus, amma daga mai sayarwar da zai faɗi sunan iri da gaɓar da aka yanka da watan yanka, ya kuma nuna gwajin aidin da arsanik da kadmiyam na wannan rukunin, ba na shekarar da ta wuce ba. Kwalin da aka rubuta masa "kelf" kawai, ba suna ba adadi, bai cancanci kuɗinka ba.

Mai ƙaramar masana'anta da ke son kayansa su fito iri ɗaya kowane wata zai fi samun kwanciyar hankali da gona, sai idan irin da yake buƙata ba a nomansa.

Mai ciki, mai shayarwa, ƙananan yara da duk mai matsalar maƙoƙo su nisanci kombu da garin kelf da kafsonsa, daga ko'ina suka fito, sai da izinin likita. Mai ciwon ƙoda ya yi hattara saboda yawan fotasiyam, mai shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likitansa kafin ya taɓa kwalbar fukoidan.

Wanda kuma yake zaune kusa da teku, yana sha'awar yanko tasa da hannunsa, ya fara bin wanda ya san iri, ya nemi sanin dokar wurin, ya nisanci tashar jirage da bakin magudanar ruwa, ya yanki wadda ke manne da dutse tana raye, ya bar gindinta da kaso mai yawa na ganyen don ta sake tohowa.